Akwatin Kawu a Bauchi da littattafan matuƙan jirgin ruwa

Bayan sadakar arba'in ɗin kawuna, wanda ya fara koyarwa tun ana cewa Lardin Bauchi, aka yi mini waya cewa in zo in duba wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, a gidanmu na cikin gari wajen Ƙofar Wunti. Taubashina, ɗan autan marigayin, shi ne ya ci karo da wani littafin Turanci mai kauri a cikin akwatin. Ya ga 1856 a rubuce a ciki, ya shiga intanet ya ga abin da dillalan Landan ke nema a kan littafi mai wannan suna, nan take labari ya game gida. Kafin in iso daga Abuja har an fara shawarar yadda za a shigar da kuɗin cikin rabon gado.

Littafin na William Balfour Baikie ne, likitan sojan ruwan Ingila da ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Kwara da Binuwai a 1854. Sunansa Narrative of an Exploring Voyage up the Rivers Kwora and Binue, kuma gaskiya ne kamfanin John Murray ya fara buga shi a 1856. Sai dai da na juya bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, sai ga abin da nake gudu: Frank Cass, Landan, 1966. Wannan kamfani ya yi fice a shekarun 1960 da 1970 wajen ɗaukar hoton tsofaffin littattafan tafiye-tafiye a Afirka shafi bayan shafi, ya sake buga su domin jami'o'in da ake ta buɗewa a lokacin. Rubutun ciki ɗaya ne da na asali, ko wasali bai canza ba. Amma a wurin masu tara littattafai, tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce tazarar da ke tsakanin dokin hawan sallah da hotonsa a bango. Da na faɗa wa taubashina haka, kallon da ya yi mini sai ka ce ni na cinye kuɗin.

Abin da ya ruɗe shi tsohuwar harka ce a Turai da Amurka. Labaran tafiyar teku suna cikin kayan da suka fi daraja a kasuwar tsofaffin littattafai, tun daga tarin labaran da Richard Hakluyt ya wallafa a 1589, zuwa labarin zagaya duniya na George Anson na 1748, zuwa tafiye-tafiye uku na Kyaftin James Cook da suka fito a 1773 da 1777 da 1784. Na ƙarshen nan cikin kwana uku aka saye shi kaf. Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen farautar irin waɗannan. Franklin Brooke-Hitching ya yi fiye da shekara arba'in yana tara labaran masu binciken ƙasa na Birtaniya, kuma da ya tashi rabuwa da su, sai da gidan gwanjon Sotheby's ya kasa su kashi huɗu tsakanin 2014 da 2015. Kenneth Hill kuwa bai sayar da nasa ba, ya miƙa tarinsa na labaran Tekun Pasifik ga Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego.

Abin da mai tarawa ke dubawa kaɗan ne, amma ba ya sassauci a kansu. Yana son bugun farko, wanda ya fito daga maɗaba'a marubucin yana raye ko bai daɗe da mutuwa ba. Yana ƙirga taswirori da zane-zane ɗaya bayan ɗaya ya gwada da jerin da ke gaban littafin, domin idan ɗaya ta ɓace, daraja ta faɗi warwas. Yana duba ko bangon na asali ne ko wani ya sake ɗaure shi daga baya. Sannan yana bin hannayen da littafin ya ratsa, wane ne ya fara mallakarsa, wa ya gada, wa ya saya. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya zauna a zauren malami: littafi ma yana da isnadi, kuma kakanninmu da ke rubuta sunan mai littafi da na magwafinsa a shafin ƙarshe sun san haka tun kafin a kafa gidan gwanjo.

Ina ruwan Bauchi da teku?

Tambayar da mai karatu zai yi ke nan, kuma tana bisa hanya. Garin duwatsu ne, ruwansa sai ya bi Gongola ya faɗa Binuwai a Numan, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, kafin ya ji ƙanshin gishirin teku. Amma duk wanda ya buɗe waɗannan littattafai zai tarar da Bauchi a ciki, galibi da sunan Yacoba ko Jacoba, wato garin Yakubu, wanda ya kafa birnin a 1809.

Dalilin yana komawa ga ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815. Ingila ta wayi gari da tarin hafsoshin ruwa da ba su da jirgi, suna zaune a kan rabin albashi. John Barrow, sakatare na biyu a ma'aikatar sojan ruwa, wanda ya riƙe kujerar kusan shekara arba'in, shi ya samo musu abin yi: wasu ya tura su ƙanƙarar arewacin duniya, wasu ya tura su neman inda Kwara ta ƙare. A 1816 ya aika Kyaftin James Tuckey ya hau kogin Kwango, bisa zaton cewa shi ne ƙarshen Kwara, zazzaɓi ya kashe Tuckey da yawancin hafsoshinsa. Ta wannan ƙofa ce tarihin ƙasashenmu na tudu ya tsinci kansa a kanta ɗaya da labaran Tekun Pasifik. Mutanen da suka rubuta shi ma'aikatan ruwa ne, da idon matuƙi suke kallo: nisan zango, inda iska ta fito, faɗin kogi, tsayin ganuwa.

Biyu daga cikin mutum uku da suka taso daga Tarabulus a 1822 suka ratsa Sahara zuwa Borno na ruwa ne. Hugh Clapperton laftanan ne a rundunar ruwa, Walter Oudney likitanta ne, Dixon Denham ne kaɗai sojan ƙasa. A ƙarshen 1823 Clapperton da Oudney suka bar Kukawa suka nufi Kano, suka sauka Katagum a farkon Janairun 1824, inda Sarki Ɗan Kauwa ya karɓe su. A nan Clapperton ya fara ganin ana ciniki da wuri, bayan doguwar tafiya a ƙasar da ake musaya da ƙyalle. Oudney, wanda ciwon ƙirji ya riga ya cinye, ya rasu ranar 12 ga Janairu a Murmur, kusa da Katagum, aka binne shi a can. Wato dai ƙasar da yau take cikin Jihar Bauchi tana riƙe da ƙasusuwan likitan sojan ruwan Ingila shekara ɗari biyu ke nan. Clapperton, wanda ke tafiya da sunan Abdullahi, ya wuce shi kaɗai, ya shiga Kano ranar 20 ga watan, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000, sannan ya isa Sakkwato a watan Maris.

Littafin da ya fito daga wannan tafiya, Narrative of Travels and Discoveries in Northern and Central Africa, John Murray ya buga shi a 1826, ƙaton juzu'i guda mai faɗin shafi. A shekarar aka sake fitar da shi a ƙananan juzu'i biyu, kuma a nan sabon shiga ke faɗawa rami, domin duka biyun 1826 ke jikinsu. Babban shi ne na farko.

Ni a ganina, abin da ya fi komai daraja a littafin ba labarin Turawan ba ne, ratayen da ke bayansa ne. A can akwai wasiƙar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu. Akwai wani yanki na Infaƙul Maisuri, littafin da Bello ya rubuta a 1812, wanda Abraham Salamé ya fassara daga Larabci. Sai a 1922 E. J. Arnett ya fitar da littafin da Turanci a Kano, matanin Larabcin kuwa sai 1951 C. E. J. Whitting ya buga shi a Landan. Akwai kuma taswirar da aka zana wa Clapperton a fadar Sakkwato, da sunayen garuruwa da Larabci, wadda ta karkata Kwara zuwa gabas maimakon kudu. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko haka masu zanen suka fahimci ƙasar, ko kuwa da gangan aka kawar da idon baƙo daga hanyar teku. Ko wanne ne, takarda ce da ke nuna yadda fadar Sakkwato ta zaɓi ta nuna duniyarta ga wani sarki na nesa.

Ita kuma taswira ita ce abin da ke fara ɓacewa daga tsohon littafi. Naɗe take, kowace buɗewa tana ƙara mata rauni a kan ninki. Ga kuma dillalan da ke farke littafi su sayar da taswirorinsa ɗai-ɗai a cikin gilashi, domin ta haka riba ta fi. Ga ɓarayi. A 2005 aka kama wani sanannen dillalin taswira, Forbes Smiley, a ɗakin karatun Beinecke na Jami'ar Yale, bayan wata ma'aikaciya ta tsinci ɗan tsinin reza a ƙasa. Ya amsa cewa ya yanke taswirori 97 daga manyan ɗakunan karatu na Amurka da Ingila. Wanda zai ce ai duk waɗannan littattafai suna intanet kyauta, gaskiyarsa, kuma alheri ne babba. Amma ya gwada buɗe su ya gani. Sau da yawa mai ɗaukar hoton bai tsaya warware taswirar ba, sai ka tarar da hoton takarda a naɗe, gefen Tafkin Chadi ya leƙo, sauran ƙasar Hausa tana cikin ninki.

Kada kuma a ɗauka bugun farko shi ne mafi gaskiya. Denham ne ya tsara littafin 1826, kuma ba ya ga maciji da Clapperton, don haka ya tura kansa gaba ya rage hasken abokan tafiyarsa. E. W. Bovill ya warware wannan a juzu'ai huɗu na Missions to the Niger da Ƙungiyar Hakluyt ta fitar tsakanin 1964 da 1966. Littafin tafiyar Clapperton ta biyu, na 1829, bayan mutuwarsa ya fito, ya bi ta hannun Barrow, kuma sai a 2005 Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka buga shi daga ainihin rubutun hannunsa. Mai neman abin da Clapperton ya rubuta, na 2005 zai nema. Mai neman abin da Turai ta karanta game da mu, wanda ta gina ra'ayinta a kai har ta zo da bindiga, shi ne mai buƙatar bugun farko.

A cikin wannan littafi na 1829 akwai wani ɗan labari da ya kamata duk mai son littafi a ƙasar nan ya sani. Da Clapperton ya komo Sakkwato, cikin tsarabar da ya kawo wa Bello akwai littattafan Larabci, har da littafin lissafin Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Euclid. Bello ya nuna murna ta musamman da shi, ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafi da wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ta cinye shi. Sarkin Musulmi, yana tsakiyar rikici da Borno da yaƙi da Gobir, yana jimamin littafin da wuta ta ci. Clapperton bai bar Sakkwato ba, a can ya rasu ranar 13 ga Afrilun 1827.

Hausawan da ke cikin jirgin

Baransa Richard Lander ne ya kai takardunsa gida, kuma shi da ƙanensa John suka warware ƙullin a 1830, suka shiga kwalekwale a Busa suka bi Kwara har teku. Murray ya sayi labarinsu gini 1,000, ya buga shi a 1832 a ƙananan juzu'i uku masu arha, shi ya sa har yau bai kai na 1826 wuyar samu ba. Wani sashe na rubutun ma ya nutse a kogi lokacin da aka far musu a Kirree, da na ɗan'uwan aka cike giɓin.

Da hanya ta buɗe sai jiragen tururi suka biyo. A 1832 Macgregor Laird na Liverpool ya shigo da jirage biyu. Ɗaya Quorra, wato Kwara. Ɗayan, ɗan ƙaramin jirgin ƙarfe mai tan 55, wanda ake lissafawa cikin jiragen ƙarfe na farko da suka ratsa teku, sunansa Alburkah. Mai karatu ya sake furta sunan a hankali: albarka ce, kalmarmu, aka rubuta a goshin jirgi a Ingila. Albarkar ba ta bi su ba, domin cikin Turawa 48 tara ne suka koma. Ayarin gwamnati na 1841, mai jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, shi ma ya binne fiye da mutum arba'in. Shi ya sa tafiyar Baikie ta 1854 ta zama abin magana: ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, ya yi wata huɗu a kogi, ya kai ziyara Hamaruwa, fadar Muri ta lokacin, ya komo ba wanda ya mutu. Littafin da ke akwatin Kawu labarin ranar da zazzaɓin cizon sauro ya daina tsare mana ƙofa ne.

An tura Pleiad ne, a wani ɓangare, don neman labarin Heinrich Barth da Eduard Vogel. Vogel ya shigo Bauchi a 1855, aka kashe shi a Wadai a shekarar da ta biyo, yawancin takardunsa suka salwanta. Cikakken bayanin birnin sai da Gerhard Rohlfs ya zo a farkon 1867, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, ya wuce Binuwai ya shiga kwalekwale zuwa Lakwaja. Littafinsa Quer durch Afrika da Jamusanci ya fito a 1874 da 1875. Jirgin Baikie na biyu, Dayspring, ya fashe a kan dutse kusa da Jabba a 1857, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai wani laftanan ɗin ruwa, John Glover, wanda a 1863 ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda Sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta.

Amma mutumin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Abubakar, Bagobiri, wanda littattafan ke kira Pasko ko William Pascoe. An kama shi an sayar, ya faɗa jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka kuɓutar da shi, ya zama ma'aikacin jirginsu. Ya yi wa Clapperton tafinta a tafiya ta biyu, ya bi 'yan Lander har bakin teku, ya sake dawowa tare da ayarin Laird. Lander ya mai da shi abin dariya a rubutunsa, tsoho mai yawan aure da guje-guje. Amma ka cire shi daga labarin ka gani ko Turawan za su iya tambayar ko da sunan gari. Bahaushe ne da ya san teku ya san Kwara tun daga Busa har ƙarshenta, kuma duk abin da ya rage na rayuwarsa yana cikin waɗannan juzu'ai da ake gwanjonsu a Landan.

Wanda ya samu ya faɗi nasa da bakinsa shi ne Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka bautar, Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, sannan ya ratsa Sahara tare da shi a 1855. Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, suka isa Landan. A Ingila ya zauna da J. F. Schön, mai wa'azin da ya bi ayarin 1841 ya kamu da son Hausa, ya yi ta ba shi labari Schön yana rubutawa. Labarin ya fito a Magana Hausa a 1885, aka sake buga shi a 1906. Labarin tafiyar teku ne da Hausa, daga bakin Bahaushe, da idon yaron da bai taɓa ganin ruwan da ba shi da gaɓa ba. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. In da za a ce in zaɓi littafi guda da ya kamata a ce kowane babban ɗakin karatu a Arewa yana da bugunsa na farko, wannan zan nuna.

Abin da ke ƙasan akwatin

Muna cikin mayar da kaya, bayan an gama jimamin Baikie, sai na ga wani ɗan littafi a manne da gindin akwatin. Ba bango. Gara ta cinye ganyen farko da rabin na biyu, wayar da aka ɗinke shi da ita ta yi tsatsa ta ƙona takardar da ke kewaye da ita, gefen shafukan yana karyewa kamar busasshen ganyen kuka. Wata daga cikin matan gidan ta ce a zuba shi cikin takardun kunna wuta. Da na karanta layi biyu sai na gane shi: Tafiya Mabuɗin Ilmi ne, labarin da Abubakar Imam ya rubuta na zuwansa Ingila a 1943 cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka fara bugawa a 1944. A saman wani shafi akwai sunan Kawu da tawada shuɗiya, a ƙarƙashin wani suna da aka soke, na malamin da ya koyar da shi. Shafin da ke ɗauke da shekarar bugu yana cikin abin da gara ta ci.

A nan lissafin ya juye mini. Littafin Denham da Clapperton, mai shekara ɗari biyu, ba ya cikin haɗarin ɓacewa daga duniya. An buga shi a kan takardar da aka yi da tsummokaran auduga da lilin, wadda ke daɗewa ba ta ruɓe ba, aka ɗinke shi da zare, ya zauna a ɗakunan da ba gara. Kwafinsa na nan a manyan ɗakunan karatu na Turai da Amurka, an ƙirga shafukansa, an san adadin zanensa. Littattafanmu na Hausa na shekarun 1930 zuwa 1950 kuwa a kan takarda mai arha aka buga su, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace, mai cin kanta da kanta ko ba a taɓa ta ba. An yi su ne don aji da aljihu, suka bi hannu goma, suka sha damina da hunturu, suka ƙare a wurin mai ƙosai. Ba wanda ya ɗauke su abin ajiya, domin suna ko'ina, har ranar da aka duba aka ga babu.

Bauchi tana da kaso mai tsoka a wannan asara. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ya rubuta Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kuma shi ma labarin tafiya ne, ta Sahara. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi a shekarun 1940, ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tafiyarsa Turai. Gari ne na malaman makaranta, ajin mutanen da ke sayen irin waɗannan littattafai suna sabbi. Akwatuna irin na Kawu suna nan a Jahun da Nassarawa da Ƙofar Ran, kuma masu su suna ta ƙarewa.

Ga masu aiki a ma'aikatun tarayya, akwai wani giɓi a doka da ya kamata a lura da shi. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 tana kare rubutun hannu da takardun da aka yi a ƙasar nan kafin 1918, ba a fita da su sai da izini. Dokar ajiye kwafi ta fara ne da ta 1950, wadda ta sa a riƙa kai abin da aka buga ɗakin karatun Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sannan dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta kwafi 3 a kan kamfani mai zaman kansa, 10 a kan gwamnatin jiha, 25 a kan ta tarayya. Abin da aka buga tsakanin 1918 da 1950, wato daidai lokacin da adabin Hausa na boko ya tsaya da ƙafarsa, ya yi ƙuruciya ga dokar farko, ya yi tsufa ga ta biyu. Abin da ya tsira daga cikinsa ya tsira ne saboda wani ya ga dama, a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Ɗakin Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ko ɗakin karatun Kashim Ibrahim a Zariya. Hedkwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja kuwa, wadda aka ba da kwangilarta tun 2006, duk mai wucewa ta tsakiyar birnin ya san shekarun da ta yi tana jiran rufi.

Tara littafi kuma ba sai attajiri ba. Henry Carr ma'aikacin gwamnati ne a Legas, sufeton makarantu da ya kai muƙamin Razdan. Da albashinsa ya tara littattafai kusan 18,000, kuma bayan rasuwarsa a 1945 su ne suka zama harsashin ɗakin karatun Ibadan. Mataimaki na musamman da ke raka minista Landan sau uku a shekara yana wucewa ta ƙofar shagunan da ake sayar da ƙananan juzu'an Lander, a farashin da bai kai na wayar da ke hannunsa ba. Wanda ba ya zuwa Landan kuwa yana zuwa gida da sallah, kuma ya san ɗakin da akwatin yake. Abin da ake buƙata a wurinsa kaɗan ne: ya ɗaga akwatin daga ƙasa, ya raba littafi da leda domin tana tara gumi, kada ya manna salatif a kan yagewa, kada kuma ya kai shi a shafe shi da roba mai zafi kamar takardar shaidar makaranta, domin wannan ba ya warwaruwa.

Na nemi izinin magada, suka bar mini ɗan littafin Imam ba tare da an sa shi a lissafi ba, har ana yi mini dariya. Na naɗe shi a farar takarda, na sa shi tsakanin kwali biyu na ɗaure da zare, kamar yadda ake yi wa warƙoƙin da za a sa a gafaka. Baikie na 1966 kuwa taubashina ya riƙe, ya ce tunda ba kuɗi a ciki bari ya ga abin da ya sa Baba ya ajiye shi. Bayan mako uku ya kira ni da dare, ko sallama bai gama ba, yana tambaya ta wace hanya ake bi daga Bauchi zuwa Muri, kuma ko mota tana kaiwa.